Gurbin da Ba A Nuna wa Madara

Bayan la'asar Badaru ya ɗauki Radiyya, 'yar ƙanwarsa, a kwale-kwale, suka nufi wani gurbi a fadamar Kirikasamma. Ɗaliba ce a jami'a, ta zo ɗibar ruwa da laka don bincikenta. Shi masunci ne, magana ba ta dame shi ba.

Tana jera kwalabe tana yi masa bayani. Wai akwai ƙananan halittu a ruwa, bakteriya, ido ba ya ganinsu. A cikin ƙwayoyin gadonsu akwai wasu a jere kamar ɗakuna masu ƙofa ɗaya, mai gadi zaune a bakinta. Muddin yana zaune, babu mai motsi. Da an kawo abincin da suke jira sai ya tashi, ɗakunan su buɗe gaba ɗaya su kama aiki. Tana shuka su a faranti mai magani, waɗanda suka buɗe su yi shuɗi.

"Duk a ruwan da nake sha?"

"Har a cikinka akwai su, Kawu."

"Shi ya sa ba na ƙoshi."

Ciyawar kacalla ta toshe hanya, sai da suka zagaya. Ba su isa ba sai da rana ta yi ja. Radiyya ta cika kwalabenta, saura guda mai guntun farin gari a gindi. Ta lakato da yatsa, ta ce a wanke. Badaru ya karɓa, don su yi sauri, ya ɗauraye ta a gurbin. Ruwan ya yi fari-fari.

"Wannan maganin mene ne?"

"Abincin ƙananan halittun ke nan. Sukarin madara."

Badaru ya tsaya da kwalbar a hannu. Tun kakanni ba a nuna wa gurbin nan madara. Fulani ba sa wanke ƙwarya a nan. Mace mai shayarwa ba ta ko tsoma ƙafa. Bai gaya wa yarinyar ba, don bai ga nono a jirgin ba.

Kwaɗi suka yi shiru. Sauro ma ya ɗauke.

Ƙamshin madara mai ɗumi ya taso daga ruwan.

Sai kacalla ta fara darewa, babu iska. Nan ta buɗe, can ta buɗe, gaba ma haka, a jere har bakin jirgin.

Ya danna filafilin tuƙi. Jirgin ya ƙi motsi.

A ƙarƙashin katakon suka ji tsotso. Cap, cap, kamar jinjiri a ƙirji.

"Kawu," ta ce a hankali, "kada ka taɓa ruwan. In abincin ya ƙare, ƙofa rufewa take."

"Kin tabbata?"

"A faranti dai haka ne."

Suka zauna. Yana karanta Ayatul Kursiyyu. Farin ruwan yana raguwa. Tsotson ya tsaya.

Sai aka fara shinshina. A jikin jirgin, daga baya zuwa gaba, har inda take zaune.

Yatsanta, wanda ta lakato garin da shi.

Wani siririn hannu, launin laka, ya hauro ya kama wuyan hannunta ya ja shi cikin ruwa. Badaru ya rungume ƙugunta. Ba ta yi ihu ba, hawaye kawai. Ana lasar yatsan, yana jin ƙarar.

Aka ƙara ja. Kafaɗarta ta shiga. Jirgin ya karkata, ruwa ya fara zubowa.

Badaru ya ɗaga murya: "Bismillahi! Ya ƙare! Wallahi babu saura!"

Aka saki.

Bai san yadda ya tuƙa ba. Bai waiwaya ba sai da ya ga fitilun gari.

Yatsan ya yi fari fat, har yau ba ta jin zafi ko sanyi a cikinsa. Da ta koma makaranta ta shuka ruwan gurbin a farantan da ba ta sa wa ko ƙwayar sukari ba. Duk suka yi shuɗi. Ƙofar ba ta rufe ba.

Malaminta ya yi murna ƙwarai. Ya ce a ƙaro masa ruwan, in ya samu sarari ma shi da kansa zai zo.

Ran da saƙon ya iso, Badaru ya jawo jirginsa tudu, ya ɗauko gatari don ya faskara shi.