Ƙeyar da ke Bakin Rijiya

Ni Raliya, duk Ollelewa an san bakina. Tafintan kwamanda sau ɗaya ya zo garinmu, amma har yau in na ɗaga hanci na ce "kowa ya yi shuru", sai mata su saki taɓarya don dariya.

Ga yadda nake yi. In runtse ido, in kafa fuskar mutum a cikin kaina, in juya ta dama, in juya ta hagu, in ga yadda leɓe ke zama. Da fuskar ta tsaya, murya sai ta zo da kanta.

Haka nake yi wa ƙanwata Kulu muryar Innarmu, wadda ta rasu ta bar ta a goye. Kulu ba ta san kamanninta ba. Ni kaɗai nake riƙe mata da wushiryar Inna da ɗan tabon ƙuna a haɓa, ina ba ta labari.

Ran nan, rana na faɗuwa, Baba ya ce, "Ke, mai bakin tsiya, kin baro mana igiyar guga a tsohuwar rijiya. Je ki ɗauko kafin a kira salla."

Na tafi ina ƙunƙuni. Shanu sun watse. Sai warin taki da laka, da ɗigar ruwa can ƙasa.

Wata mace na zaune a kan gungumen bakin rijiyar, ta ba ni baya, tana tsefe kai.

"Sannu da hutawa, Iya."

"Lafiya lau, 'yar mutane."

Muryar kamar daga cikin tulu. Nan take harshena ya fara ƙaiƙayi. Na suri igiya, na ɗan yi nisa, na gwada muryar. Ba ta fito ba. Na sake. Shirme! Ni da ban taɓa gwada mutum sau biyu ba.

Haushi ya ishe ni. Ai fuskar ce ban gani ba. Na tsaya, na runtse ido, na kafa ƙeyarta a kaina, na kama juya ta.

Ta ƙi. Nauyi kamar turmi cike da jiƙaƙƙen gero.

Na cije. Na tura.

Ta juyo.

Babu ido, babu hanci. Sumul, kamar bayan ƙwarya.

"Kin juyo ni," aka raɗa, daidai kunnena. Warin laka ya cika mini baki. "To, ba ni fuskar da zan saka."

Idona ya ƙi buɗuwa.

Na jefo mata fuskar tafintan kwamanda. Ta ture. Na jefo Gwaggo Balki mai fura. Ta ture. Na jefo liman da gemunsa, na jefo duk wanda na taɓa yi wa shaƙiyanci.

"Akwai wadda kike ɓoyewa."

Na ce wa raina, kada ki tuna Inna. Kada ki tuna.

Faɗin hakan ne ya kawo ta. Ga wushirya. Ga tabo. Ban taɓa ganinta tar haka ba.

Na ji an ɗaye ta a hankali, yadda ake ɗaye yanar madara.

Can ladan ya ɗaga murya. Idona ya buɗe. Na zubar da igiya, na sheƙa, ƙarangiya na cin ƙafata, ban waiwaya ba.

Kwana uku na yi ina zazzaɓi. Da na tashi, Kulu ta raɓo jikina.

"Yaya, yi mini Inna."

Na runtse ido. Ga zanenta na saƙi, ga kitsonta. Ƙeya kawai. Na tura, na zagaya ta dama, na zagaya ta hagu, har kaina ya sara. Ko ta ina ƙeya ce. Na buɗe baki, muryata ce ta fito.

"Ba haka take yi ba," in ji Kulu.

Tafintan kwamanda kuwa yana nan daram, da hancinsa. Shi da ba na so.

Jiya Aghali mai raƙuma ya tsaya shan ruwa a ƙofar gidanmu. Ya ce da Baba, "Wace ce mai wushiryar nan da ke zama bakin tsohuwar rijiya? Akwai fara'a. Tana ta tambayar 'ya'yanta."

Kulu ta ajiye ƙwaryar ruwan.

"Yaya," ta ce, "ta wace hanya ake bi?"