Tsohon da Na Tarar a Gindin Rijiya

Ni yasar rijiya nake yi. Rannan duhu ya riske ni a gindin wata tsohuwar rijiya, ƙanina yana sama riƙe da igiya. Sai ruwan da nake tsaye ciki ya yi sanyi ƙarara, na ji an ce, "Sannu da aiki, ɗana."

Wani tsoho ne a gabana, a ramin da ko ni kaɗai da ƙyar nake juyawa.

Ya ce, "Saki igiyar nan. An rubuta a nan za ka ƙare, kuma ba ka cikin masu tsira. Zuwa coci ba ya goge rubutu."

Na ce, "Baba, ni ban iya karatu ba, kai wa wanda ya iya. Yesu ya fanshe ni da jininsa, bai nemi shawararka ba. Ko ƙasar nan ta rufta mini, ba hannunka zan faɗa ba."

Na girgiza igiya, ƙanina ya fara ja. Ina ta yin sama, fuskar tsohon tana daidai da tawa. Na haska fitila ƙasa. Ƙafafunsa suna can cikin ruwa, ba su motsa ba.