Alwalar Malam Nomau a Bakin Tekun Zarmina

Ɗan hasken da ke bayan kunnen Malam Nomau ya yi kore, sai ya dubi matarsa ya ce, "Delu, har yanzu kina sa gishiri kamar mai jiƙa fata?"

Delu ta ajiye cokali ta fashe da kuka. Shekara huɗu rabon da ya kira sunanta.

Na'urar sunanta Matuni, ba ta fi ƙwayar wake ba. Likitocin birnin Zarmina, can ƙetaren teku, su ke dasa ta a bayan kunne. Suna tattaro duk abin da ya rage a ƙwaƙwalwar tsohon da mantuwa ta kama, sunaye da fuskoki da tsofaffin rigingimu, su zuba a cikinta, ita kuma ta riƙa miƙa masa. Sai an kwana goma fata ta rufe sannan a ɗauki kwafi a ajiye. Kafin nan, in ji likita, ko ɗigon ruwan gishiri kada ya taɓa wurin.

A kwana na bakwai Malam ya ce zaman masauki ya ishe shi.

"Tun daga Funtuwa muka zo, a ce mun koma ba mu ga teku ba? Me za ki gaya wa Hajiya Kande?"

Wannan kam ya san inda ya taɓa. Kande maƙwabciyarsu ce, sau ɗaya ta je bakin ruwa, shekara ashirin ana jin labarin.

Suka hau jirgin ƙasan da ba shi da direba zuwa bakin teku. Lokacin sanyi ne, 'yan yawon shaƙatawa duk sun watse. An naɗe laimomi, an kulle rumfuna, injinan share yashi suna jere an lulluɓe su da tamfol. Delu ta shimfiɗa zane, ta fito da dambun naman da ta ɓoye a ƙasan akwati. Suka ci, suka yi gulmar surukai ɗaya bayan ɗaya. Malam har ya tuno ranar da ta ƙona tuwon farko a gidansa ta ce itacen ne.

"Itacen ne mana, Malam!"

"To, Allah ya jiƙan itace."

Rana ta yi sanyi, iska na kaɗawa, Delu ta ɗan kishingiɗa. Barcin da ta yi shekara huɗu ba ta samu ba ya zo ya ɗauke ta.

La'asar ta yi. Malam ya je famfo, ya tarar an rufe ruwan sai bazara. Ya dubi teku, ruwa mai tsarki har iyakar gani. Ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Hannu, baki, hanci, fuska, hannuwa har gwiwa, ya shafi kai. Sannan yatsunsa suka zagaya kunnuwa ciki da baya, kamar yadda suka saba shekara saba'in ba tare da sun tambayi kowa ba.

Da Delu ta farka ta hango shi yana sujada a kan yashi. Ta jira ya sallame. Raka'a huɗu cif, ko harafi bai ɓata ba. Ta matso, ta ga ruwa na ɗiga daga gemunsa. Bayan kunnensa babu haske.

"Malam?"

Ya ɗago ya yi mata murmushin da ake yi wa baƙi.

"Sannu, baiwar Allah. Ke ma jiran wani kike yi?"

Ta buga wa asibiti. Wata murya mai ladabi ta ce an yi haƙuri, abin da aka kwashe daga kai ba ya komawa, kuma saura kwana uku a ɗauki kwafi. Za su iya dasa masa sabuwa fil, ba komai a cikinta.

Delu ta kashe wayar. Ta zauna kusa da shi, ba ta matsa sosai ba, don ta ga yana janye gefen rigarsa kada ta taɓa matar mutane.

"E, Malam," ta ce. "Jira nake yi."