Mai Yanke Babin Ƙarshe

Ranar da Lami ta fara ganin Shu'aibu, da zagi ta je. Littafi ne a hannunta na Turanci, irin waɗanda ake kashe mutum a shafin farko a yi ta neman mai laifi. Abokiyar aikinta ce ta ara mata, ita kuma a rumfar Shu'aibu ta karɓo shi haya. Kwana uku tana karatu, ta zo daidai inda mai bincike ya tara mutanen gida a falo zai nuna wanda ya yi kisan, sai ta tarar an yanke sauran shafukan da reza. Ni dai ban ga laifinta ba da ta fusata.

Shu'aibu kuwa ko gezau. Rumfarsa ta hayar littattafai tana kusa da tashar jirgin ƙasa ta Gombe, kuma kowa ya san dokarsa. Babin ƙarshe na kowane littafi yana cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin tebur. Sai ka dawo da littafin, ka zauna a benci, ka faɗi wanda kake zargi, sannan a miƙo maka. Ya ce kafin ya ɓullo da wannan dabara, littattafansa in sun fita ba sa sanin hanyar gida.

"Malam, kai ba mai littafi ba ne, mahauci ne," in ji Lami.

"Na ji. Wa kike zargi?"

"Matar likitan. Marubucin ma rago ne, tun shafi na arba'in ya tona kansa."

Ya miƙo mata babin. Matar likitan ce. Shu'aibu ya ji haushi ƙwarai, don shi kansa bai gano ba lokacin da ya karanta. Ya ɗago ya dube ta sosai, haushin ya kasa zama.

Lami tafireta take bugawa a kotu, saboda haka ta raina littattafan nan raini na gaske. Takan ce kisan da take bugawa kullum babu falo a cikinsa, babu shayi. Rigimar iyakar gona ce, da taɓarya ko gatari, kuma sau da yawa a gefen gawar ake samun mai laifin yana kuka. Amma duk da rainin, ba ta taɓa yin mako ba ta zo karɓar sabo ba.

Shekarar Udoji ce, da aka yi babban ƙarin albashi, kowane ma'aikaci ya tashi da sabon babur da sabon ra'ayi. Bencin Shu'aibu ya cika da masu musu. Wanda ya fi kowa baki shi ne Babayo, mai juya fim a silima. A ganinsa karatu ɓata ido ne, tunda a fim kana ganin wuƙar da jinin da idonka, cikin awa biyu an gama. Shu'aibu yakan ce fim na malalata ne, da mugu ya shigo kiɗa ke canjawa, jariri ma ya gane shi. Lami takan haɗa su duka ta wanke, ta ce ɗaya na sayar da ƙarya a takarda, ɗaya a jikin bango. Su biyun kuma kowa ya koma gida yana tunaninta.

Shu'aibu ne ya fara saka 'yar takarda a cikin littafi.

"Alƙaliya, wannan karon ba za ki gano shi ba. In kin gano, na bar shan shayi mako guda. Mahaucinki."

Amsa ta dawo a cikin littafin.

"Direban ne, an kashe mutum da daddare shi kuma takalminsa a jiƙe da safe. Sha shayinka, ba na son ka rame a ce ni ce. Kuma wa ya ce kai nawa ne?"

Sun yi wata biyar a haka, zagi a baki, takarda a littafi. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya ce mata yana sonta da aure, sai da ya yi gumi. Ta ce ya daina wahalar da kansa, tun wata biyu ta gano, don shi ma ragon marubuci ne. Ta sunkuyar da kai ta ce ya tura manyansa.

Babayo bai jira manya ba. Ya hau babur ya tafi unguwar Jekadafari wajen mahaifinta, Wakili, tsohon ɗan doka na zamanin En'e. Ya faɗa masa cewa rumfar nan makaranta ce ta koyon kisa, samari na zama ana koya musu guba da ɓoye gawa, kuma 'yarsa ce kaɗai mace a cikinsu. Da kawun Shu'aibu ya zo da goro, ko tabarma Wakili bai sa an shimfiɗa masa ba.

Washegari da hantsi Wakili ya je rumfar da kansa. Ya tarar ana tsakiyar gardama a kan ko ya fi kyau marubuci ya kashe mutum ɗaya ko uku, ana ta dariya. Ya tsaya har aka yi tsit.

"Kuna dariya," in ji shi. "Ni na taɓa kama mai kisa. An kashe wani ɗan tireda a hanyar Kumo, maƙwabcinsa ya nuna min wani manomi. Kwana ɗaya na gama bincike, gari ya yi ta yaba min. Manomin ya mutu a gidan yari. Bayan shekara biyu maƙwabcin ya kira liman yana bakin mutuwa ya ce shi ne. Kai, mai littattafai, a cikin tarin nan akwai wanda ya ƙare haka?"

Shu'aibu ya miƙe tsaye. "Babu, Baba. A cikinsu mai bincike ba ya kuskure."

"To ƙarya kake sayarwa, kuma ba na ba maƙaryaci 'ya."

Labarin ya riga Wakili isa gida. Lami ta yi kuka har idonta ya kumbura, don an hana ta rumfar, an hana ta sunan Shu'aibu ma. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne shekararta ashirin da biyu a gidan ba ta taɓa jin zancen manomin ba. Yanzu ta gane abin da ya sa mahaifinta yake tashi duk lokacin da ta soma ba da labarin kotu.

Ta bari aka yi kwana uku. A na huɗu ta kai masa ruwan alwalar la'asar, ta durƙusa, ta ƙi tashi.

"Baba, ka yi min afuwa. Mutum nawa ka ji a kan Shu'aibu?"

Wakili ya miƙa hannu zai ɗauki butar.

"Mutum ɗaya ne, Baba. Kuma shi ma nema na yake yi."

Ta ɗauka mari zai biyo baya. Wakili ya daɗe yana kallon butar, sannan ya ce ta tashi ta ba shi wuri.

Da safe sai ga shi a rumfa da sandarsa. Ya ce kada Shu'aibu ya yi murna, bincike ya zo yi. Ya kori mutum biyu ya zauna a tsakiyar benci, ya sa a riƙa karanta masa ana juyawa da Hausa. Ba a taɓa samun mai suka irinsa ba. Wannan mai binciken, a cewarsa, bai taɓa bin sawu a ƙasa ba. Wancan ya cika surutu, da a gabansa ne da ya sha kulki. Ya je silima sau ɗaya, ya fito a tsakiyar fim yana tsaki, ya ce wanda aka kashe ma bai iya mutuwa ba. Babayo ya gaishe shi a ƙofa, ya wuce kamar bai ji ba.

Daga rumfa kuma sai ya shiga gari. Ya tambayi limamin unguwar Shu'aibu, da mai gidan da yake haya, da mai shayin tasha, da wanda suka taɓa yin faɗa da shi a kan katako. Har Jos ya bi jirgi ya ga wanda yake sayar masa da tsofaffin littattafan.

Abokiyar aikin Lami ce ta kawo mata takarda a kotu.

"Alƙaliyata, Baba ya zage ni yau sau tara, na kuma gode. Rumfar ta yi min faɗi ba ke. In ya same ni da laifi zan haƙura, amma ba zan daina sonki ba."

Ta buga amsar da tafireta.

"Mahaucina, ba zai samu ba. Ni na riga shi bincike."

Kwana arba'in cif Wakili ya yi, sannan ya aika a kira kawun Shu'aibu, a wannan karon da tabarma da fura. Ya ce ra'ayinsa a kan littattafan bai canja ba, shirme ne, amma ya ba da 'yarsa.

Aka ɗaura aure ranar Asabar a ƙofar gidansa, 'yan benci duk sun zo, har a wajen ma suna musu ƙasa-ƙasa. Lami tana ɗaki cikin ƙawaye, ta ji an shafa fatiha, ta rufe fuska tana dariya tana hawaye. Da jama'a suka ragu Wakili ya kira ango gefe, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba.

"Na juya ka ciki da bai ban sami abin kamawa ba. Da na ba manomin nan, bawan Allah, ko kwana uku daga cikin arba'in ɗin nan, da yau yana cikin jikokinsa." Ya share ido da bakin rawani. "Je ka riƙe ta amana. Allah ya yi muku albarka."