Muryar Malam Tanimu

"Innalillahi!" Inuwa ya dafe kai yana kallon allon tsohuwar kwamfutar. Sabon fayil ɗin ya ƙi buɗuwa.

Hajiya Ummulkhairi ce ta kawo kwamfutar shagonsa na Kurmin Mashi, naɗe cikin zani. Duk karatun da marigayi mijinta, Malam Tanimu, ya ɗauka da muryarsa yana ciki, a ƙulle cikin wani tsohon ƙunshi da na'urorin yanzu ba sa ganewa. Aikin Inuwa kawai ya kwance ƙunshin, ya sake ɗaure shi irin na zamani. Wuri ya yi wa kwamfutar kaɗan, shi kuwa yana saurin zuwa kallon ƙwallo, sai ya goge na asalin tun bai gwada sabon ba.

"Ɗana, muryar nan ita kaɗai ta rage mini," haka ta ce masa. Yanzu da wane ido zai kalle ta?

Ana idar da sallar isha'i aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya cak, amma allon bai mutu ba. Sai ƙamshin kafur ya cika shagon.

Wani dattijo ne tsaye bakin ƙofa, ba takalmi. Ruwa ake tsugawa, amma ko ɗigo babu a jikinsa.

"Baba, ai mun tashi," Inuwa ya ce.

Leɓɓan dattijon suka motsa. Maganar kuwa ta bayan Inuwa ta fito, daga lasifikar kwamfutar.

"Miƙo min kujera, yaro. Yau ba mai tashi."