Minti Uku na Abu Nayif

Ranar da Suhaib ya fara ganin Shaza, kujeru take jerawa. Ƙungiyar masu jagorantar taron jin ra'ayin jama'a ce ke zaɓen shugabanni a wani zaure da aka ara mata a birnin Amman, shi kuma ya iso da wuri don motar da ya shigo daga garin Salt ba ta ɓata masa lokaci ba. Ya tarar da wata doguwar budurwa mai mayafi ruwan toka tana jan kujeru tana mayar da su da'ira. Ya ɗauka ma'aikaciyar wurin ce.

"Sannu da aiki, 'yar'uwa. A layi ake jera su fa, yau zaɓe ne."

Ta dube shi sama da ƙasa. "In aka yi layi, na gaba kaɗai ke magana. Kama wancan gefen."

Ya kama. Bayan awa biyu aka ɗaga hannuwa, aka ce Shaza ce sabuwar shugaba. Kunya ta rufe Suhaib, ya rasa inda zai sa kansa. Da aka nemi wanda zai riƙe sashen horaswa, aikin da kowa ke gudu, sai ta juyo ta kalle shi, bai ankara ba ya ga hannunsa a sama.

Aikin na sa-kai ne, babu albashi, sai gajiya da tsegumin mutane. Ita da rana tana aikin tsara birane, shi malamin gona ne. Da aka tashi suka gano dukansu 'yan Salt ne, suka shiga mota ɗaya, suna tafe suna gardama a kan shagon da ya fi iya kayan zaƙin nan, kunafa. Kafin ya cire takalmi a gida ya tura mata saƙo.

"Shugaba, ina neman gafara kan maganar kujeru. A hukunta ni da duk abin da ya dace."

"An hukunta ka. Kai ne mai jera su har ƙarshen shekara."

"Na karɓa, in dai shugabar za ta riƙa zuwa duba aiki."

Daga nan abu ya fara. Watanni bakwai suna yawon garuruwa tare da sauran 'yan kwamiti, yau taron ruwan sha, gobe na matsar da kasuwa. Ya lura ba ta cin abinci sai an sallami kowa, don haka ya riƙa ɓoye mata gurasa mai yajin za'atar a jakarsa. Ita kuma ta daina ce masa Ustaz Suhaib, ta koma kiransa Mai Kujeru. Yana son ta, bai kuma ɓoye ba. Ya gaya wa mahaifiyarsa, aka tsayar da magana cewa mata za su je gidansu Shaza gaisuwa bayan taron Salt.

Akwai wata doka da Shaza ta kawo wa ƙungiyar, tana kuma ji da ita: kowa minti uku. Idan ya rage rabin minti a ɗaga wa mutum kati mai ruwan ɗorawa, idan ya cika a ɗaga ja. Dalilinta mai kyau ne. Ta gaji da taron da manya huɗu za su cinye lokaci, mata da samari su koma gida da maganarsu a ciki. Sai dai wanda ya san dattawanmu ya san cewa a minti uku ko gaisuwa ba su gama ba.

Taron Salt na gyaran wani tsohon titi ne da ke gindin matakalar unguwar tudu. Za a hana motoci shiga, a shimfiɗa dutse, a kawar da duk abin da ya tare hanya. Suhaib ne mai jagora, Shaza na can baya tana rubutu. Mutum goma sha ɗaya suka yi magana lafiya. Sai wani dattijo mai jan rawani da sanda ya miƙe, aka ce Abu Nayif ne, tsohon shugaban makaranta.

Ya yi salati. Ya gaida manyan gari ɗaya bayan ɗaya da sunan 'ya'yansu na fari. Ya shiga tarihin matakalar da wanda ya sassaƙa ta. Suhaib ya ɗaga mai ruwan ɗorawa, dattijon bai ma san yana yi ba. Yana cewa, "To, abin da ya kawo ni shi ne..." sai ga jan kati a gaban fuskarsa.

"Ammu," in ji Suhaib, wato baffa, "lokaci ya cika. Mun gode."

Rabin mutanen wurin ɗaliban dattijon ne a da. Abu Nayif ya dubi katin, ya dubi mai katin, ya gyara rawaninsa ya fita. Suhaib ya waiga baya don ya ga ko shugaba ta yaba, sai ya ga ta rufe fuska da takarda. Nan ya sha jinin jikinsa.

A bakin ƙofa ta gaya masa, muryarta ƙasa-ƙasa. "Mahaifina ne."

"Shaza, don Allah me ya hana ki faɗa min?"

"Da na faɗa za ka ƙara masa lokaci. Ni na rubuta cewa ba a fifita dangin kowa."

"To ga shi mun bi doka," in ji shi. Bai so maganar ta fito da ɗaci haka ba, amma ta fito.

Ziyarar mata ba ta yiwu ba. Abu Nayif ya aika cewa kada su wahalar da kansu da hawa matakala zuwa gidansa. Shaza ta ba Suhaib labarin yadda suka yi a gida: ta ce wa mahaifinta, "Yaba," wato baba, "dokata ce, ni za ka yi wa fushi." Shi kuma ya ce, "Ke 'yata ce, kin saba katse ni. Amma yaron da ya zaunar da ni a gaban ɗalibaina ba zai zauna a falona ba."

Sai kuma ga Ayham, mai kantin magani, ɗan aminin Abu Nayif, shi ma yana neman Shaza. Shi wannan gwanin gyaɗa kai ne, zai zauna awa guda yana cewa "gaskiya ne, Ammu" alhali idonsa na kan waya. Labari ya iske Suhaib cewa mahaifiyar Ayham ta hau gidan sau biyu. Kwana tara Shaza ba ta turo komai ba sai sanarwar kwamiti. Ya ɗauka ta haƙura da shi. Abinci ya daina shiga, ya rame har mahaifiyarsa ta fara yi masa faɗa. A rana ta goma ya kasa daurewa.

"Shugabata, in an yi zaɓe na faɗi, a sanar da ni. Zan iya ɗauka."

"Ba a yi zaɓe ba, Mai Kujeru. Na ce wa Yaba ba na son Ayham, ya ce ba zai tilasta ni ba, amma kai ma babu. Na yi shiru ne don ban da labari mai daɗi da zan ba ka. Zuciyata tana inda ka bar ta."

Ya karanta ya fi sau goma. Sai wani abu ya faɗo masa wanda bai taɓa tunani ba tun ranar: shin me dattijon ya zo faɗa? Duk sun shagala da fushinsa, babu wanda ya tambaya. Ga rahoton taro saura mako guda a miƙa.

Abu Nayif yana zama kullum bayan la'asar a kan wani faffaɗan dutse a gindin matakalar. Ranar farko Suhaib ya yi sallama, aka amsa ba a dube shi ba, ya tsaya har magariba ya tafi. Rana ta biyu haka. Rana ta uku dattijon ya ce, "Kai ba ka da aikin yi ne?"

"Ina da shi, Ammu. Shi ne ya kawo ni. Ka ce 'abin da ya kawo ni shi ne', ban bari ka ƙarasa ba. Na yi kuskure, na zo jin saura."

"Minti nawa ka zo da su?"

Suhaib ya cire agogonsa ya kashe waya, ya sa su a aljihu.

Kada ku ɗauka Abu Nayif ya sassauta masa. Daga salati ya faro. Ya sake gaida manyan gari duk da ba sa nan, ya sake tarihin matakala har da wanda ya karye a kanta a shekarar dusar ƙanƙara. Suhaib ya zauna a ƙasa, ƙafarsa ta yi sanyi, bai motsa ba. Can da rana ta yi ja, sai muryar dattijon ta canja. Ya dafa dutsen da yake kai.

"Wannan yana cikin abin da zanenku ya ce a kawar. Matakala ɗari da sittin ce daga tudu zuwa nan. Duk wanda ya rasu a sama, a kafaɗa ake sauko da shi, kuma a nan ake ajiye makara masu ɗauka su huta, a canja hannu, a yi masa addu'a. Ubana a nan aka ajiye shi. Matata Ummu Nayif ma, shekara shida ke nan. A nan na ɗora hannu a kanta na ƙarshe."

Ya dubi sandarsa.

"Ka ga, ɗana, irin wannan maganar ba a fara ta daga tsakiya. Sai mutum ya yi ta kewaye kafin ya samu ƙarfin faɗa."

Idon Suhaib ya cika. Ya kama hannun dattijon ya sumbata.

Washegari ya gaya wa Shaza a ofishin ƙungiya. Ba ta sani ba. Mata ba sa bin gawa, ranar da aka sauko da mahaifiyarta tana can sama cikin 'yan'uwa. Shekara shida tana wuce dutsen tana ganin mahaifinta a kai, ta ɗauka wurin shan iska ne. Ta yi kuka sosai, sannan ta share fuska ta jawo rahoton.

Kwamiti ya zauna. An yi gardama, don wasu sun ce in aka taɓa dokar minti uku manya za su sake cinye taro. Shaza ta ce doka tana nan, amma daga yau duk wanda aka katse, sai mai jagora ya bi shi har inda yake ya ji ƙarshen maganarsa kafin a rufe rahoto. Aka amince. Masu zanen titi kuma da suka karanta, suka karkata hanyar kaɗan suka bar dutsen a wurinsa.

Duk da haka Abu Nayif bai ce komai game da aure ba. Da Shaza ta taɓo zancen ya ce, "Dutse daban, 'yata daban." Sai bayan mako biyu ya ce mata, yana shan shayi ba tare da ya kalle ta ba, "Matakalar nan ba za ta gagari mahaifiyar yaron nan mai kati ba, ko?"

Mata suka hau, aka yi gaisuwa. Ranar Juma'a maza arba'in suka biyo baya neman aure, baffan Suhaib a gaba. Aka zuba masa gahawa a finjali, ya ajiye a kan tebur bai sha ba, kamar yadda aka saba, sai an biya buƙata. Ya yi bayanin abin da ya kawo su. Kowa ya juya ga Abu Nayif. Suhaib na zaune a ƙarshen layi, gahawa tana hucewa.

Dattijon ya dubi Suhaib. Sannan ya ce, "Ku sha gahawarku. Na ba shi."

Daga cikin gida guɗa ta tashi. Wayar Suhaib ta motsa a aljihu, ya saci kallo.

"Barka, Mai Kujeru. Ka tanadi kujeru biyu, kusa da juna."

An yi biki da bazara, aka ci mansaf, shinkafa da naman rago, har aka bar saura, 'yan ƙungiya suka zo daga Irbid da Karak da Amman. Da za a fito da amarya, Abu Nayif ya riƙo hannunta da kansa suka sauko matakala a hankali. A ƙasa ya damƙa ta ga Suhaib, ya jawo shi kusa ya yi magana yadda su biyu kawai za su ji.

"Ɗana Nayif yana ƙasar waje, ba lallai ya iso a kan lokaci ba. Ranar da za a sauko da ni, kai za ka kama gaba. Ka san inda za ka ajiye ni."

"Allah ya ja da ranka, Ammu."

"Ka ce Yaba."

Suhaib ya faɗa. Dattijon ya ɗora hannu ɗaya a kansa, ɗaya a kan Shaza, ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya mai albarka da haƙurin sauraron juna. Duk wanda ke wurin ya shafa, mu ma muka ce amin.