Warin Ranar Alhamis

"Sunsuna nan!" Gwaggo Kulu ta cusa wa Mardiya rigar mijinta a hanci. "Wannan ƙamshin ɗakinki ne?"

Mardiya ta kau da kai. Wari ne mai yaji kamar na maganin wanke fararen kaya, kuma ba yau ta fara jin sa ba. An kwana biyu, duk Alhamis sai Abdurrahim ya bar gidansu na unguwar Faisal a Alƙahira bayan la'asar wai zai je darasi, ya dawo ido jajur, gashi a jiƙe, fata fes kamar an ɗauraye faranti.

Ita Gwaggo ƙanwar babanta ce, ta zo Alƙahira daga Yawuri ganin likitan gwiwa. Gwiwa ta warke, sa ido ya tashi.

"Namiji ya fita da ƙura ya dawo da wanka? 'Yar nan, wane darasi ne ake wanka a bayansa? Mace ce, wannan kuma turarenta ne!"

"Gwaggo, ban gani da idona ba."

"Sai ta zo ta gaishe ki? Mu gama yawon tekun da ya ƙirƙiro don ya toshe mana baki, jirgi ɗaya za mu hau zuwa gida. Ubanki Sarkin Ruwa bai gaji da ke ba. Khalas, magana ta ƙare!"

Mardiya ta shige kicin ta sha kukanta. Tana son Bakatsinen nan kamar ranta, amma ko ita in ta tambaye shi sai ya hau sosa ƙeya. Ta share hawaye ta ce za ta yi shiru har Allah ya nuna mata.

Da aka yi hutun makaranta suka hau bas zuwa Gardaƙa, bakin Bahar Maliya. Washegari da safe ƙaramin jirgin ruwa ya ɗebe su tare da wasu baƙi zuwa inda duwatsun murjani suke. Gwaggo ko kallon teku ba ta yi ba, mata take bi da ido.

"Kin ga Baturiyar can ta yi masa murmushi? Ko ita ce?"

"Haba Gwaggo, ta girmi Inna fa!"

"To shi me ya sa yake zufa?"

Gaskiya ne. Abdurrahim ya ƙanƙame ƙarfen jirgi, leɓensa sai motsi yake.

"Alhaki ne," Gwaggo ta raɗa mata.

Jirgi ya tsaya. Isam, mai kula da baƙi, Bahaushen Sudan ne, ya jawo bokiti cike da tabarau na nutso da bututun numfashi. "Yalla, kowa ya ɗauka!" Mardiya ta sunkuya ta shaƙa. Warin ne sak!

Gwaggo ma ta shaƙa. Ta miƙe zumbur. "Tana cikin jirgin nan! Wace marar kunyar ce ta wanke hannu a bokitin nan?"

"Ya Hajja, ma'alish, yi haƙuri," in ji Isam yana dariya. "Kalor ne, maganin kashe cuta, da shi muke wanke tabaran. Shi ake zubawa a tafkin koyon iyo. Duk wanda ya shiga sai idonsa ya yi ja, warin ya raka shi gida."

Mardiya ta juya a hankali ta dubi mijinta.

"Ranar da na je gaisuwa Yawuri," ya ce kansa a ƙasa, "Baba Sarkin Ruwa ya tambaye ni ko na iya ruwa, na ce kamar tarwaɗa. Alhali ko kwalbati ban taɓa tsallakawa da daɗin rai ba. Ke kuma kullum burinki ki ga murjani a inda Allah ya shuka shi. In bar ki ki shiga ke kaɗai ina gadin takalma? Cikin 'yan firamare nake koyo, Gwaggo, da robar iska a hannu. Da wane baki zan faɗa wa 'yar Sarkin Ruwa?"

Gwaggo ta taɓe baki. "Daɗin baki! In gaskiya ne, ga ruwa nan."

Ya saka tabarau a karkace, ya yi kalmar shahada, tsundum! Ya nutse, ya taso, ya sha ruwan gishiri ya ƙoshi, sannan ya fara wutsil-wutsil yana gaba. Mardiya ta gyara doguwar rigar iyonta ta bi shi sumul.

Da suka tsoma fuska, sai ga wani gari a ƙasa. Murjani ja da shuɗi da ruwan hoda, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar tulin dawo. Kifaye masu zanen atamfa suna ratsa su ko a jikinsu. Ya damƙe hannunta, bai saki ba. Hawayenta ya taru a cikin tabarau.

Da suka hau jirgi Gwaggo da kanta ta miƙa masa tawul.

"Tarwaɗa dai ba ka kai ba, ɗan nan. Amma kwaɗo ma ɗan ruwa ne. Ka yafe ni."

"Ni ma cika bakina ne ya jawo, Gwaggo."

To jama'a, kun ji. Hanci yana jin wari, amma bai san labarinsa ba. Da Mardiya ta bi zato, da ta bar mijin da yake shan ruwan tafki saboda ita. Ku kuma samari, in suruki ya tambaye ku, ku faɗi gaskiya, don wata rana za a ce ga ruwa nan!